Kafa Manhajar Sarrafa Shafin Intanet a Kan Sabar Gida: Misalin WordPress

Duk wata ma'aikata, ko jami'a, ko ƙungiya da ta yi niyyar buɗe shafi a intanet, hanyoyi biyu ne a gabanta. Ko dai ta kama haya wurin wani kamfani wanda zai shirya mata kome, ita dai ta riƙa zuba rubutu tana biyan kuɗi, ko kuwa ta tanadi kwamfutarta, ta ɗora manhajar da kanta, ta riƙe mabuɗan a hannunta. Wannan lacca ta shafi hanya ta biyu ne. Za a ɗauki WordPress a matsayin misali, domin ita ce ta fi yaɗuwa. Ƙididdigar shekarar 2024 ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Masu ita sun daɗe suna yi mata kirari da cewa cikin minti biyar ake kafa ta. Maganar gaskiya ce, amma gaskiya ce mai ruɗin wanda bai sani ba, domin minti biyar ɗin nan su ne mafi ƙanƙantar aikin.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya fito da tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN, tsakanin 1989 da 1991, kowane shafi da hannu ake rubuta shi, da alamomin da ake kira HTML. In za a sauya waƙafi ɗaya sai an nemo gwani. Manhajar sarrafa shafi ta zo ne don ta raba aikin gida biyu. Rubutu da sunayen marubuta da kwanan wata suna zaune a cikin rumbun bayanai, ita kuwa siffar shafin, watau launinsa da tsarinsa, tana wani wuri dabam. Idan mai karatu ya nemi wani labari, nan take manhajar za ta ɗebo rubutun daga rumbu, ta sa masa riga, ta miƙa. Ta haka ne akawun da bai san kome game da HTML ba zai iya buga sanarwar ofishinsu kamar yadda yake buga wasiƙa.

An fito da WordPress ne a watan Mayu na 2003. Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila ne suka gina ta a kan wata tsohuwar manhaja mai suna b2, wadda mai ita, Michel Valdrighi, ya daina kula da ita. Abin lura a nan shi ne, ba su saci kome ba, ba su kuma nemi iznin kowa ba, sabili da b2 tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1989. Lasisin nan ya ba kowa damar ya yi amfani da manhaja, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma rarraba, bisa sharaɗin cewa wanda ya karɓa daga hannunsa shi ma zai sami wannan dama. Drupal, wadda Dries Buytaert na Beljiyam ya fitar a 2001, da Joomla ta 2005, duk a kan wannan lasisi suke. Masu magana da Turanci sun sha wahalar bayyana manufarsa, domin kalma ɗaya suke da ita mai nufin 'yanci, mai kuma nufin abin da ba a biya ba. Hausa ta huta da wannan rikici, tun da 'yanci daban, kyauta daban. To, 'yanci ake nufi. Kuma a cikin lasisin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu wani lamuni: in abu ya lalace, ba wanda za a kai ƙara.

Abubuwan da ake tanada

Saba, wadda wasu ke fassarawa da uwar garke, kwamfuta ce da ke kunne dare da rana tana sauraron masu neman shafi. Tana iya kasancewa a wani ɗaki cikin ofis, tana kuma iya zama wani yanki na babbar na'ura da aka yi haya a cibiyar ajiye bayanai, amma ragamarsa a hannun mai shi. Wanda ya zaɓi ajiye ta a ofis a Nijeriya ko Nijar, lalle ne ya fara lissafi da wutar lantarki da sanyin ɗaki da layin intanet mai tsayayyen adireshi, tun kafin ya zo kan maganar manhaja. Galibin ƙananan hukumomi da sassan jami'a hayar yanki ta fi musu sauƙi.

A kan wannan na'ura ake jera abubuwa huɗu, kowanne bisa kan ɗan'uwansa. A ƙasa akwai Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma an fi amfani da nau'in Debian ko Ubuntu. A kansa sai manhajar da ke amsa baƙi, Apache ta 1995 ko Nginx ta 2004. Sannan PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi. Na huɗu shi ne rumbun bayanai, MySQL ko MariaDB. Asalinsu ɗaya ne: Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, shi ya ɓalle ya kafa MariaDB a 2009, lokacin da kamfanin Oracle ya yunƙuro zai sayi Sun, mai riƙe da MySQL a wancan zamani. Wannan ma wani amfanin lasisin ne da aka ambata.

Sai kuma suna. Na'ura lamba take ganewa, mutum kuwa suna yake riƙewa, don haka ake yin rajistar sunan shafi a haɗa shi da lambar sabar. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, na Nijar kuwa da .ne suke ƙarewa. Ya kamata a yi rajistar da sunan hukumar, da adireshin wasiƙar ofis, ba da na ma'aikacin da aka aika ba. Za a komo kan dalilin wannan.

Minti biyar ɗin

Idan an gama wancan tanadi, aikin da ya rage kaɗan ne. Za a buɗe sabon rumbu a cikin MariaDB, a naɗa masa mai kula na musamman da kalmar sirrinsa, a ba shi iko a kan wannan rumbu kaɗai. Masu gaggawa sukan yi amfani da babban mabuɗin da ke buɗe dukan rumbuna, wanda daidai yake da ba ɗan aike mabuɗin baitulmali don ya ɗauko takarda ɗaya. Daga nan sai a sauko da WordPress daga shafinta na asali, a warware ƙunshin a cikin jakar da Apache ke dubawa, wadda a Debian da Ubuntu ita ce /var/www/html. Akwai fayil guda mai suna wp-config.php, inda ake rubuta sunan rumbun da sunan mai kula da shi da kalmar sirrin. Haka kuma ana daidaita iznin fayiloli, bisa al'ada lamba 755 ga jakunkuna, 644 ga fayiloli, ma'ana mai su ne kaɗai zai iya sauya su. Akwai lamba 777 da ke ba kowa damar rubutu, kuma sau da yawa ita mutum yake bugawa in wani abu ya ƙi aiki. Abin zai yi aiki kuwa, amma an bar ƙofa a buɗe.

Bayan haka sai a buɗe adireshin a burauza. Shafi zai fito yana tambayar sunan gidan, da sunan shugaban masu kula, da kalmar sirrinsa. Da an cika an latsa, an gama. Sai dai akwai wani haɗari a wannan ɗan tsakani da ba kowa ya san shi ba. Tun daga lokacin da aka zuba fayilolin har zuwa lokacin da aka cika wannan shafi, duk wanda ya riga isa adireshin shi zai iya kammala kafawar, ya zama mai gida. Akwai kuwa na'urorin ɓarayi da ke yawo suna neman irin waɗannan gidaje. Saboda haka ba a zuba fayiloli da yamma a ce sai gobe a ƙarasa.

Abu na ƙarshe shi ne takardar shaidar tsaro, wadda ke sa a rufe abin da ke wucewa tsakanin mai karatu da saba, har kalmar sirri. Dā sayenta ake yi. Tun daga 2015 ƙungiyar Let's Encrypt take bayar da ita kyauta, amma ta ɗan gajeren wa'adi ce, sai an sa na'ura ta riƙa sabunta ta da kanta.

Maganar haruffa masu lanƙwasa

A nan ne sha'anin ya taɓo mai rubutu da Hausa kai tsaye. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa, kuma akwai jadawalin da ke faɗin wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Tsohon jadawalin da ake kira latin1 an yi shi ne don harsunan Yammacin Turai. Babu ƙ a cikinsa, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Shi ne kuwa zaɓin farko na MySQL har zuwa fitowa ta 8.0 a 2018. Jadawalin da ya dace shi ne utf8mb4, wanda WordPress ta koma kansa tun fitowarta ta 4.2 a 2015, kuma a sabuwar kafawa takan zaɓe shi da kanta.

Matsalar takan taso ne wajen ƙaura, watau in an kwaso tsofaffin rubuce-rubuce daga wani rumbu za a zuba a sabo. In jadawalin biyu suka saɓa, ɓarna iri biyu ce ke aukuwa. Wani lokaci ƙ takan rikiɗe ta koma Æ™, shafi ya cika da tarkace; wannan yana da muni a ido, amma gwani zai iya mayar da shi, domin lambobin suna nan. Wani lokaci kuwa sai a maye gurbin harafin da alamar tambaya, ƙasa ta koma ?asa. Wannan ba ya gyaruwa sai an bi rubutun kalma-kalma, gama na'ura ba ta da hanyar sanin ko ƙ ce ta ɓace ko ɗ ko ɓ. Ɗalibin Hausa ya san ba ƙaramin abu ba ne, tun da kafa ba ƙafa ba ce, bari kuma ba ɓari ba ne. Akwai kuma wata ƙaramar matsala ta rigar shafin: in salon haruffan da aka zaɓa ba shi da masu lanƙwasa, burauza za ta aro su daga wani salo, sai a ga ƙ ta yi dabam a tsakiyar kalma kamar baƙuwa. Gwajin mai sauƙi ne. Tun ranar farko a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan duka, manya da ƙanana, a ajiye, a buɗe a kwamfuta da wayar hannu, a kuma neme ta da akwatin bincike.

Abin da ke biyo baya

Manhajar da kowa ke iya karanta tushenta, kowa na iya gano kuskurenta, na kirki da mugu. In aka gano, masu ita sukan fitar da gyara, amma sanarwar gyaran ita ce kuma ke nuna wa ɓarawo inda katanga ta tsage. A ranar 15 ga Oktoba 2014 Drupal ta sanar da wani babban kuskure tare da maganinsa. Bayan mako biyu sai masu tsaronta suka ce duk shafin da bai sa gyaran ba cikin awa bakwai da sanarwar, a ɗauka an riga an shige shi. Wanda ke haya, kamfani ne zai tashi cikin dare ya yi wannan aiki. Wanda ya riƙe sabarsa, shi ne kamfanin.

WordPress ta rage wannan nauyi tun 2013, da ta fara sa ƙananan gyare-gyare da kanta. Amma yawancin ɓarnar ba daga gindin manhajar take fitowa ba. Daga ƙananan manhajojin ƙari take zuwa, waɗanda dubban mutane dabam-dabam suke rubutawa, wasu su yi watsi da su bayan shekara biyu. Kowace ɗaya da aka ƙara, an ƙara taga a jikin gida, don haka wadda ba a bukata a cire ta ɗungum. Su ma na ƙasa suna tsufa. Fitowar Ubuntu mai dogon zango shekara biyar ake kula da ita bisa ƙa'ida, kowace fitowar PHP kuwa shekara huɗu. Ke nan hukumar da ta kafa shafi ta ɗaukar wa kanta aikin sabunta harsashi kowane 'yan shekaru, kuma ya kamata wannan ya fito a cikin kasafin kuɗinta.

Dangane da kwafin ajiya, abu biyu ake kwafa, rumbun bayanai da jakar wp-content inda hotuna da takardu suke. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba. Wurin ajiyar ma abin dubawa ne. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu masu shafuka sun rasa kome domin kwafinsu yana wuri ɗaya da asalin. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi a kan wata na'ura ba, ba a san ko yana aiki ba tukuna.

Saura abin da ya fi shafar ma'aikatan gwamnati, wanda ba na na'ura ba ne sam. Sau da yawa saurayi ɗaya mai ƙwazo ne ke kafa shafin ofis, wani lokaci ma mai bautar ƙasa ne. Kalmomin sirri suna kansa, rajistar suna tana kan adireshinsa. Ran da aka yi masa canjin wurin aiki, ko wa'adinsa ya cika, shafin zai ci gaba da tafiya wata da watanni ba wanda ya lura, har ranar da rajistar ta ƙare ko takardar tsaro ta mutu, sannan a shiga neman lambar wayarsa. Aikin gwamnati ya daɗe da sanin maganin wannan, watau takardar miƙa aiki. Abin da ake bukata shi ne a buɗe wa shafin fayil kamar yadda ake buɗe wa motar ofis, a rubuta inda sabar take, da ranar ƙarewar rajista, da wurin da kwafi yake, da ranar da aka gwada shi, a kuma tabbatar mutum biyu aƙalla suna da ikon shiga, kowanne da sunansa da kalmar sirrinsa.