New Bell: Unguwar da Aka Raba da Bakin Ruwa

Duwala gari ne na ruwa. Kogin Wuri ya ratsa shi, teku na kusa, kuma ruwan saman da ke zuba a shekara ya ninka na Kano wajen sau huɗu. Duk da haka yaro zai iya tashi a New Bell har ya yi gemu, ruwan da ya fi sani shi ne na kwata da wanda ke kutsowa ɗaki tsakar dare a watan Agusta. Bakin ruwan da iyali za su shimfiɗa tabarma su sha iska, yara su hau lilo ko kwalekwale, ya yi wa talakan unguwar nisa, kuma nisan nan yana da tarihi.

Tun asali don a nisanta mutane da kogi aka yanki New Bell. Daga 1910 Jamusawa suka ƙudiri kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga tudun da ke bakin Wuri, inda Bonanjo take a yau, su mayar da wurin na Turawa zalla. Suka ware wa gidan sarautar Bell wani daji a can baya, suka bar tazarar kilomita 1 a tsakani wadda ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914, tare da sakatarensa Ngoso Din. Kafin shekarar ta ƙare Jamusawan ma an kore su daga garin. Yawancin 'yan Duwala ba su zauna a sabon wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo, Yarbawa da mutanen Senegal. Littafin da Lynn Schler ta wallafa a 2008 a kan baƙin New Bell ya nuna yadda Faransawa suka daɗe suna yi wa unguwar riƙon sakainar kashi, mazauna kuma suka tsara zamansu da kansu.

Kakanninmu Hausawa fatauci ya kawo su. Wasu goro, wasu shanu da fawa, wasu ɗinki da dukanci. Duk wanda ya iso sai ya nemi mai masauki, daga baya ya kafa ɗakinsa jikin na ɗan'uwansa, har lunguna suka tsuke, gida ya manne da gida. An samu gurbin masallaci, an samu na kasuwa da makarantar allo, ga Babbar Kasuwa da Kasuwar Kongo da Nkololun duk a kusa. Filin yara ne ba a bari ba, domin wanda ke neman inda zai sa haƙarƙarinsa ba ya tunanin lilo. Tarzomar watan Mayu na 1955 da gobarar da ta cinye unguwar Kongo a Afrilun 1960 sun girgiza yankin, aka kuma sake gini cikin irin matsin da aka saba.

Ranar Sallah ake gane girman wannan rashi. Da an sauko Idi an ci tuwo, sai ka ga 'yan mata sun fito rukuni-rukuni, lalle ya kama, atamfa na ƙamshin sabunta, kowace ta tattare bakin zaninta tana taka katakon da aka gitta a kan kwata, tana kaffa-kaffa kada sabon takalmi ya faɗa. Samari ƙanana cikin shadda suna bin ƙofa-ƙofa.

"Barka da Sallah, Baba."

"Barkanmu dai, 'ya'yan albarka. Ku gaida iyayenku."

A damƙa musu sefa hamsin ko ɗari. Kafin la'asar aljihu ya yi nauyi, sai tambayar ta taso: ina za a je? Wasu su yi wa mai tsire layi, wanda a nan ake kira soya. Wasu su taru a kan teburin ƙwallon hannu a bakin shago, wasu su yi hayar keke su yi ta zagaya lungu ɗaya. Masu ƙarfin hali su hau bensikin, wato acaɓa, uku-uku a bayan direba, su nufi Akwa kallon manyan kantuna. Uwa kuwa tana gida hankalinta a tashe, domin ta san titin Duwala ba ya tausayin yaro.

Manya sukan tuna zamanin silima, lokacin da saurayi zai tara kuɗin mako don fim ɗin Indiya na daren Asabar. Gidajen silimar sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka rufe Le Wouri a Janairun 2009. An buɗe sabon gidan silima, CanalOlympia, a Besenge a 2017, sai dai magidanci mai 'ya'ya bakwai yakan yi lissafi sau biyu kafin ya kwashe su zuwa can. Ƙwallo ce ta zama mafakar yaran unguwa, a kowane ɗan sararin da mota ba ta bi. A nan Samuel Eto'o ya taso, kuma duk yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi ya san wannan labari. 'Yan mata kuwa ko wannan mafakar ba su da ita.

Bakin kogin da aka kori mutane dominsa, tashar jiragen ruwa da rumbunan kamfanoni ne suka mamaye yawancinsa. A farkon Disamba, lokacin bikin Ngondo, jama'a kan cika gaɓar Wuri don kallon tseren kwalekwale, ranar kowa kan tuna cewa garin yana da kogi. Akwai kuma Parcours Vita mai ɗan tafki a wajen Bonamusadi, amma zuwa can daga New Bell tafiya ce mai cin kuɗin mota da rabin yini.

An taɓa gwada cewa gyara mai yiwuwa ne. A 2010 cibiyar doual'art, wadda Marilyn Douala Bell, daga zuriyar sarkin da aka rataye, ta kafa tare da mijinta a 1991, ta shirya bikin fasaha mai taken ruwa. A bikin, Kamiel Verschuren ya rufe wasu buɗaɗɗun kwatocin New Bell da katako suka zama hanyar ƙafa. Pascale Marthine Tayou ya kafa doguwar hasumiya ta tukwanen tasa a shataletalen Shell, tamkar jeren kwanukan ɗakin amarya da aka miƙar sama. Ƙananan ayyuka ne, amma sun sa mutanen unguwa sun tsaya sun kalli wurinsu da sabon ido.

Mutanen Kano suna da darasin da za su ba mu a nan. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsar Bagauda da otal a bakin tafkin, har wurin ya zama matattarar masu hutu da manyan taruka. Madatsar ta ɓalle a Agustan 1988, otal ɗin ya yi ta ja da baya, yau harabar ta koma makarantar horar da lauyoyi. Wurin shaƙatawar da gwamnati kaɗai ke riƙe da shi yakan rayu ne gwargwadon sha'awar wanda ke kan kujera.

Saboda haka abin da New Bell ke buƙata ba sai ya kai Bagauda ba. Fili guda mai katanga da magudanar ruwa, da bishiyoyi, da lilo, da ɓangaren 'yan mata, ya isa a fara. Hukumar Duwala ta Biyu, wadda New Bell ke ƙarƙashinta, ita ce za ta iya ba da wurin, amma riƙon dole ya kasance a hannun 'yan unguwa. Al'ummar da ta iya gina masallatai da makarantun Islamiyya da karo-karon 'yan kasuwa, ta iya biyan mai gadi da mai shara. Ya kamata sarakunan unguwa da limamai da alhazan kasuwa su sa wannan magana a gaba, su kai ta ofishin magajin gari a rubuce, kafin sauran filayen da suka rage su zama shaguna.