YARO MAI NAUYIN KARATU BA DAƘIƘI BA NE

 A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani irin yaro wanda ba a rasa shi a kowace unguwa. Yaro ne mai wayo, in kin aike shi kasuwa ba a cutarsa wajen canji, in an yi tatsuniya da dare gobe ya maido miki ita tiryan-tiryan. Amma da an buɗe masa littafi sai ya tsaya cik. Ya shekara uku a firamare, sunansa ma da ƙyar yake rubutawa. A makaranta a ce masa daƙiƙi, a gida a ce malalaci ne, a bi shi da bulala. In mace ce kuwa abin ya fi muni, don ba a daɗewa sai maigida ya ce wannan ba ta da kan boko, a ɗora mata farantin talla, ko kuwa a soma zancen aure. Da yawa daga cikin yaran nan wata larura ce ke damunsu wadda masana ke kira disleksiya. Mu sai mu kira ta nauyin karatu, kamar yadda mukan ce yaro yana da nauyin baki.

Yadda aka gano abin

Wani likitan ido na ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, shi ya sa mata wannan suna a 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro mai shekara 14, haziƙi, gwanin lissafi, amma shekara da shekaru ana fama da shi ya kasa karatu. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai fi shi a makarantar. Da fari an zaci laifin ido ne. Daga baya bincike ya nuna ba a ido matsalar take ba, tana wajen rarrabe sautin magana ne. Watau in kin ce "kaza", yaro mai nauyin karatu yana jin kalmar sarai, ya kuma san abin da ake nufi, amma yakan sha wuya kafin ya gane cewa "ka" ce da "za" suka haɗu, balle ya ɗaure kowane sauti da harafinsa. Karatu kuwa ba kome ba ne illa wannan ɗauri.

Masana sun ƙiyasta cewa cikin yara 100 akan sami kamar 5 zuwa 10 masu wannan larura. Ke nan a aji mai yara 60 ana iya samun uku zuwa shida. Takan bi jini, shi ya sa sau da yawa in an bincika sai a tarar akwai kawu ko gwaggo da suka sha irin wannan wuya. Tana samun maza, tana samun mata, sai dai yarinya takan yi shiru a bayan aji ba wanda ya lura da ita. Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa alhakin uwa ba ne. Babu ƙwaya ko allurar da ke kawar da ita. Maganinta koyarwa ta tsanaki, a kuma fara da wuri, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a yi gaggawar yanke hukunci

Ba duk yaron da ya kasa karatu ne ke da nauyin karatu ba. Wani ba a koya masa ba ne, ajinsu ya cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya bi ta kan kowa. Wata kullum tana wajen talla, sai ta zo yau ta yi fashin kwana uku. Wani ba ya ganin allo sosai, wani kuwa ciwon kunne ya rage masa ji. Saboda haka abu na fari, ki kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa. In an tarar lafiya lau, yana kuma zuwa makaranta kullum, sa'o'insa sun wuce shi nesa, to sai ki lura da waɗannan alamu.

Yakan daɗe bai riƙe sunayen haruffa ba, ya koya yau ya manta gobe. Yakan yi karatu a hankali ƙwarai, yana tuntuɓe, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Yakan dubi harafin farko ya cinci sauran. Yakan rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi guda. Kwafe rubutu daga allo yakan ɗauke shi lokaci mai tsawo. Da an ce a ɗauko littafi sai ciwon ciki ko ciwon kai ya tashi. Amma juya harafi, kamar a rubuta "dawa" a maimakon "bawa", wannan kusan duk mai koyo yana yi har wajen shekara bakwai, shi kaɗai ba ya isa shaida.

A makarantar allo ma abin yakan ɓuya, don irin yaran nan sau da yawa kunnensu na da kaifi. Yaro ya haddace abin da malam ya biya masa, ya rera daidai, amma in an ce ya nuna da tsinke inda yake karantawa sai ya ɓace. Kada kuma wata ta ce haɗa allo da boko ne ya rikita shi, don ɗaya daga dama ake farawa ɗaya daga hagu. Dubban yara suna haɗa biyun lafiya. Kada a cire shi daga ko ɗaya.

Sa'ar da muka yi da harshenmu

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi, gama kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne. Turanci ba haka yake ba, harafi guda yakan yi sauti uku ko huɗu. A 2001 an buga wani bincike da aka gwada masu wannan larura na Italiya da Faransa da Ingila. Aka tarar asalin matsalar ɗaya ce a wurinsu duka, amma 'yan Italiya, da yake rubutunsu na bin lafazi kamar namu, sun fi karatu daidai. Darasin da ke nan shi ne, ki kafa wa yaronki ƙafa da Hausa tukuna, in ya gane yadda harafi ke ɗauke da sauti Turanci zai zo masa da sauƙi. Shirin RANA na koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa, wanda UNICEF ta kawo jihohin Katsina da Zamfara a 2015, a kan wannan hanya aka gina shi.

Duk da haka Hausa na da nata tarko. Haruffan nan huɗu, b da d da ɓ da ɗ, sun yi kama ainun, ga kuma k da ƙ. Ɗan lanƙwasa kaɗan ne ya raba "bari" da "ɓari", ya raba "baki" da "baƙi". Kuma ba mu rubuta jan wasali, shi ya sa garin Daura da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Waɗannan wurare su ke bukatar haƙuri.

Abin da za ki yi a gida

Tun wajen 1930 wani likita a Amurka, Samuel Orton, da wata malama, Anna Gillingham, suka tsara hanyar da har yau ake bi. Gindinta shi ne a koyar da harafi ɗaya ɗaya bi da bi, yaro ya gani da ido, ya ji da kunne, ya faɗa da baki, ya kuma yi da hannu, duk lokaci guda. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don haka ake yin babbaƙu da farfaru a makarantar allo. Kuma ba ya bukatar kuɗi.

Ki fara da wasan kunne, ba littafi. Ku riƙa tafa gaɓoɓin suna: Dau-ra tafi biyu, Ku-su-gu uku, Dau-ra-ma uku, Ba-ya-jid-da huɗu. Ki ce ya kawo miki abubuwa uku a tsakar gida masu farawa da "ta", ya kawo tabarma da tasa da taɓarya. Ki tambaye shi, in an cire "ka" daga "kaza" me ya rage? Zaurancen nan da 'yan mata ke yi, da waƙoƙin gaɗa, duk suna wasa kunne, kada ki hana.

Sa'an nan ki zuba rairayi a faifai ko tire, ya zana harafi da yatsa yana faɗar sautinsa. Ya gina shi da yumɓu, ki zana masa shi a baya ya faɗi ko wane ne. Kada ki koya masa b da d rana ɗaya. Sai ɗaya ya zauna daram, ko da zai ɗauki mako, kana ki kawo ɗayan. In ya riƙe baƙaƙe kaɗan da wasula biyar, ki yanka kwali ki rubuta ka, za, ra, sa, ya riƙa jerawa yana samun kaza, kara, kasa, sara. Ran da ya haɗa kalmar farko da kansa za ki ga fuskarsa ta washe.

Minti 15 kullum ya fi awa biyu ran Asabar. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba lokacin da kike fama da murhu ba. In ya yi kuskure ki faɗa masa daidai cikin sanyin murya, ku wuce. Labari ɗaya gajere ya karanta shi sau uku ko huɗu har ya saba, don maimaici ke kawo sauri. Ke kuma ki riƙa karanta masa littattafan da suka fi ƙarfinsa, yana bin yatsanki, don kada hankalinsa ya zauna da yunwa kafin idonsa ya iso.

Gyaran zuciya

Abin da ya fi kashe yaran nan shi ne kunya. Yaron da aka kira daƙiƙi shekara uku yakan yarda shi daƙiƙi ne, daga nan ya daina ƙoƙari. Ki hana wannan suna a gidanki, ko daga bakin abokiyar zama, ko kaka, ko yayyensa. Ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa bulala ba ta sa harafi a kai, tsoro kaɗai take sawa. Kada a riƙa gwada shi da ƙanensa a gaban mutane. Ki nemi abin da ya iya, ko ɗinki, ko kiwo, ko zane, ko lissafi, ki yabe shi a kai a gaban ubansa. Ki kuma gaya masa gaskiya, cewa kansa lafiya lau, hanyarsa ce ta fi ta wasu tsawo.

Ki je makaranta da kanki ki ga malamar ajinsa. Ki roƙa a zaunar da shi gaba, kada a tashe shi karatu gaban aji ba shiri, a ƙara masa lokaci wajen rubutu, wani abin kuma a tambaye shi da baki. Wannan ba alfarma ba ce, gama dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara tara, ba ta ware mai saurin ganewa ba. Mu malamai mun fi jin daɗin aiki in uwa ta zo, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In abin ya faskara, a tambayi hedimasta ko ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ko akwai malamin da ya karanci ilmin masu bukata ta musamman, irin wanda ake koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, in wata ta yi tuntuɓe wajen karatu kada ku yi mata dariya, ku zauna da ita bayan an tashi. In ke ce mai wannan wuya, ki sami malamar da kika yarda da ita ki gaya mata. Ki sani akwai Maggie Aderin-Pocock, wadda aka haifa a Landan a 1968, iyayenta 'yan Nijeriya. Da nauyin karatu ta tashi, amma ta yi digirin dakta, ta zama masaniyar sararin samaniya, a 2014 kuma ta soma gabatar da shirin taurari a talabijin na BBC. Akwai kuma Carol Greider ta Amurka, ita ma haka, ta sami lambar Nobel ta fannin likitanci a 2009. Sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ta gwada dabarun nan wata uku, ta rubuto mana abin da ta gani don sauran mata su ƙaru. Allah ya raya mana zuriya, ya sa musu albarka. Sai mako mai zuwa.