Inge Lehmann, ma'aikaciyar da ta gano ƙwallon da ke tsakiyar duniya

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa ginawa yana Kola, a arewacin Rasha. An soma huda shi a 1970, a 1989 ya kai kilomita 12 da mita 262, daga nan bai ƙara zurfi ba. Alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya akwai kilomita 6371. Ke nan ko ɓawo ba a gama hudawa ba. Duk da haka masana suna faɗin abin da ke can ƙasa, har da kaurin kowane sashe. Dabararsu irin ta mai sayen tukunya ce, wanda ke ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta kafin ya biya kuɗi. Girgizar ƙasa ita ke ƙwanƙwasa duniya, masana kuma su saurara. Cikin waɗanda suka fi iya wannan saurare akwai wata mace ƴar ƙasar Danmak, Inge Lehmann.

An haife ta a birnin Kopanhag ranar 13 ga Mayu 1888. Mahaifinta, Alfred Lehmann, malamin jami'a ne. Ya sa ta makarantar Hanna Adler, inda ake koyar da maza da mata darasi ɗaya a aji ɗaya, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. A 1907 ta shiga Jami'ar Kopanhag don karatun lissafi, a 1910 ta wuce Kambirij ta Ingila. Yawan aiki ya kayar da ita, ta koma gida a 1911, ta yi shekaru tana lissafi a wani kamfanin inshora. Sai a 1918 ta koma jami'a, ta samu digirinta a 1920, tana da shekara 32.

A 1925 ta zama mataimakiyar farfesa Niels Erik Nørlund, wanda ke kafa tashoshin auna girgizar ƙasa a Danmak da tsibirin Girinlan. A 1928 aka naɗa ta shugabar sashen girgizar ƙasa a ma'aikatar awon ƙasa ta Danmak, kuma a wannan kujera ta zauna shekara 25. Aikinta na kullum shi ne kula da na'urori, karanta zanen da allura ta yi bisa takarda, rubuta sa'a da minti da daƙiƙar da kowace girgiza ta iso, da fitar da rahoto. Bincike kuwa sai in lokaci ya ragu.

Abin da aka sani kafin ita

Idan ƙasa ta girgiza, igiyoyi iri biyu ke ratsa cikin duniya. Na farko, da ake kira P, suna ratsa dutse da ruwa baki ɗaya. Na biyu, S, ba sa ratsa abin da ke ruwa-ruwa. Da wannan bambanci aka soma gane fasalin duniya. A 1906 Baturen Ingila Richard Oldham ya nuna cewa tana da cibiya dabam da tsokar dutsen da ke kewaye da ita. Bajamushe Beno Gutenberg ya auna zurfin bakin cibiyar, kimanin kilomita 2900. A 1926 Harold Jeffreys ya kafa hujjar cewa narkakkiya ce.

Da yake cibiyar tana karkatar da igiyoyin P, akwai wani yanki da bai kamata su isa ba, daga kimanin kilomita 11 500 zuwa 15 500 nesa da inda girgizar ta auku. Ana kiransa yankin inuwa. To amma na'urorin da ke cikin inuwar nan sukan kama wasu ƴan igiyoyi marasa ƙarfi. Akasarin masana sun ɗauke su a matsayin rarar da ta zagayo ta gefen cibiya, suka wuce.

Lissafin da bai cika ba

Inge Lehmann ba ta wuce ba. Wanda ya yi aikin inshora ya san cewa ɗan giɓi a littafin lissafi yana da dalili, kuma ba a shafe shi don a tashi aiki da wuri. A watan Yuni 1929 wata babbar girgiza ta auku a Niyu Zilan. Ta tattara takardun tashoshi masu nisa, har da na Tarayyar Sobiyat, ta ga igiyoyin nan sun fito sarai a cikin inuwa. Babu kwamfuta a lokacin. Kowane adadi bisa ɗan kati take rubuta shi, ta jera katunan cikin kwalayen garin kunu, ta yi lissafi da hannu.

Ta sauƙaƙa matsalar: ta ƙaddara cewa igiya na gudun kilomita 10 a daƙiƙa cikin tsokar dutse, 8 cikin cibiya. Sa'an nan ta gwada saka wani ƙwallo a tsakiyar cibiyar, inda igiya ke ƙara sauri. Nan take lissafi ya cika: igiyoyin da suka bugi ƙwallon suna karkata su faɗa daidai cikin yankin inuwa. A 1936 ta buga sakamakon a wata maƙala mai suna P', harafi ɗaya da ɗan alama.

Gutenberg da Charles Richter sun karɓi ra'ayin a 1938, Jeffreys ya bi su. Daga baya Francis Birch da Keith Bullen suka ce lalle ƙwallon daskararre ne, a 1971 kuma Adam Dziewonski da Freeman Gilbert suka tabbatar da haka ta hanyar nazarin yadda duniya baki ɗaya ke kaɗawa kamar ƙararrawa bayan babbar girgiza. A yau an san bakin ƙwallon yana zurfin kimanin kilomita 5150, daga bakinsa zuwa tsakiyarsa kuwa kimanin 1220. Ƙarfe ne da nikel, zafinsa ya haura digiri 5000, amma nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa. Yayin da yake daskarewa sannu a hankali yana motsa narkakken ƙarfen da ke kewaye da shi, motsin da ke haifar da maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas zuwa arewa, yake kuma kare doron ƙasa daga iskar rana.

Girma bayan ritaya

Wannan babban aiki bai kai ta kujerar farfesa ba. A 1952 an duba sunanta don kujerar ilmin cikin ƙasa a Jami'ar Kopanhag, ba a ba ta ba. A 1953 ta yi ritaya tana da shekara 65. Maimakon hutu, sai ta riƙa zuwa Amurka da Kanada tana aiki da masana irin su Maurice Ewing da Frank Press. A wannan zango ta yi nazarin wata iyaka da ke zurfin kimanin kilomita 220, inda gudun igiyoyi ke sauyawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunanta.

Lambobin yabo sun zo a makare, amma sun zo. Jami'ar Kolambiya ta ba ta digirin girmamawa a 1964, ta Kopanhag a 1968. A 1971 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar William Bowie, mafi girma ta ƙungiyar masana ilmin cikin ƙasa ta Amurka. Ta buga maƙalarta ta ƙarshe a 1987, ta rasu ranar 21 ga Fabrairu 1993 tana da 104. A 1997 ƙungiyar ta Amurka ta fara bayar da lambar Inge Lehmann, wadda ake ba masanan da suka yi fice wajen binciken cikin duniya. Wanda ba a ba kujera a gida ba, yau da sunanta ake karrama masu kujeru.