Kafin zarto ya ci yatsanka: yadda ake haɗa mamatsin katako a gida

Har yau akwai tabo a babban yatsana na hagu. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na same shi, a zauren gidanmu da ke Gwaram, lokacin dogon hutu. Motar katako nake ƙerawa, sai na zo yanke wani ɗan guntu da bai fi kwalin ashana tsawo ba. Na kife turmi, na danne guntun da yatsa, na ɗora zarto. Ja na farko ya tafi lafiya. A na biyu katakon ya zame, haƙoran zarto suka sauka a kan nama. Sai da aka yi mini ɗinki da allurar tetanus, motar kuwa ban sake bi ta kanta ba.

Da wani dattijon kafinta a unguwarmu ya ga hannun a ɗaure, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Yaro, hannu biyu gare ka. Ɗaya na zarto, ɗaya na kula da hanyar zarto. Wa ka bar wa riƙon katakon?" Na ce, "Baba, to da me zan riƙe?" Ya nuna mini wasu itatuwa biyu da aka soke da ƙarfe, suna rataye a bangon rumfarsa.

Masu sana'a a ƙasarmu sun daɗe da sanin wannan matsala. Maƙeri ba ya taɓa jan ƙarfe da hannu, awartaki ke riƙe masa. Masassaƙi kan take itace da ƙafa yana sara da gizago, amma ku lura, ƙota ko taɓarya yake sassaƙawa, abubuwa masu tsawo da ke nesanta ƙafar daga kaifi. Ƙaramin guntu shi ne mugun, domin duk inda ka riƙe shi, yatsanka na kusa da baki. A darasin fasaha na ƙaramar sakandare an nuna mana hotunan na'urorin riƙe katako, mun haddace sunayensu mun ci jarrabawa, da yawanmu ba mu taɓa riƙe ko ɗaya ba. Na ƙarfe da ake sayarwa a shago yana da tsada ga ɗalibi. Wanda zan bayyana, wanda nake kira mamatsi, da ragowar katako ake yin sa.

Ka nemi katako biyu masu kauri santimita 3, faɗi ma santimita 3. Na sama ya kai santimita 15, na ƙasa kuma ya kai 40. Kafintoci na zubar da irin waɗannan, idan ka gaishe su da ladabi ka roƙa, da wuya su hana ka. Ka zaɓi mai tauri irin maɗaci, wanda ba shi da ƙulli ko tsaga, kuma jijiyoyin itacen su bi tsawonsa, in ba haka ba zai karye da zarar ka ɗaure. Sai bol guda mai kauri milimita 8 da tsawon santimita 12 ko fiye, da washa biyu, da noti mai kunnuwa wanda ake murzawa da yatsu. Ni a wurin masu sayar da kayan gini a Birnin Kudu na samu nawa, amma tsohon bol daga wajen bakanike ma zai yi, muddin zarensa bai cinye ba. Idan babu noti mai kunnuwa, ka yi da na gama-gari da sifana.

Ka jera katakon biyu, bakinsu na gefe guda ya yi daidai. Ka auna santimita 5 daga wannan bakin ka sa alama a tsakiya, sannan a huda su tare lokaci ɗaya. Wannan "tare" ɗin na da muhimmanci: na farkon da na yi, daban-daban na huda su, ramukan suka saɓa, bol ɗin ya shiga a karkace. Ramin ya ɗan fi bol ɗin faɗi, kamar milimita 10, don na sama ya riƙa motsi. Huda aikin babba ne, ka kai wa kafinta ya yi maka da injinsa.

A ƙarƙashin dogon katakon ka ɗan rarake gurbi yadda kan bol ɗin zai nutse ciki, don kada ya riƙa juyawa tare da notin, kuma mamatsin ya zauna daram a ƙasa. Ka zura bol daga ƙasa, ka sa na sama, ka ɗora washa, ka murza noti. Kada ka raina washa, ita ke hana noti cin katako. Daga ƙarshe ka manna guntun fata ko tsohon tif ɗin keke a cikin bakunan biyu, domin su kama aiki ba tare da sun bar masa shaida ba.

Sirrin yana wajen amfani da shi. Ka sa abin da za ka yanka a baki, sannan ka sa wani guntu mai kauri irin nasa a can ƙarshen baya na katakon sama. Idan babu wannan matashi na baya, na saman zai karkata, ya kama aikin da gefe kawai, ya tofar da shi. Da matashin kuwa, katakon biyu na tsayawa a miƙe, sai ka murza noti. Ragowar tsawon na ƙasa shi za ka danne da gwiwa, ko ka kafe shi da ƙusa a jikin tsohon benci. Yanzu jikinka na nesa da zarto.

'Yan ajin kimiyya, ga darasinku na Fiziks a fili. Zaren bol mai milimita 8 na gama-gari yana matsawa milimita 1.25 ne kacal a kowane zagaye guda. Idan kunnen notin na da nisan santimita 2 daga tsakiya, yatsunka na tafiyar kusan milimita 126 a wannan zagayen. Ka raba 126 da 1.25, za ka samu kusan 100. Wato da babu gogayya, ƙarfin yatsunka zai ninku sau ɗari. Gogayyar zare da ta washa na cinye mafi yawan wannan riba, amma abin da ya rage ya isa ya riƙe katako fiye da kowane hannu. Kuma wannan gogayyar ce ke hana notin kwancewa da kansa, saboda haka ba asara ce zalla ba. Me ya sa muka huda a santimita 5 maimakon tsakiya? Saboda bol ɗin na kusa da aikin, nesa da matashi: kusan kashi biyu cikin uku na matsin na sauka kan aikin, ɗaya kan matashin. Da a tsakiya yake, rabi da rabi za su yi.

Kada wani ya ɗauka mamatsin itace kayan marasa hali ne. Tun 1903 aka kafa wani kamfani a birnin Shikago na Amurka don ƙera irinsa mai bol biyu, wanda ya yi suna da Jorgensen, kuma har gobe ƙwararrun kafintoci na sayen irinsa, saboda bakin itace ba ya ɓata aiki kamar na ƙarfe.

Yana kuma taimakawa wajen manna abu biyu. Farin gam na katako na buƙatar matsi na kimanin awa guda, sannan a bar shi ya kwana kafin a wahalar da shi. Ka sa leda tsakanin aikin da bakin mamatsi, in ba haka ba da safe ka tarar ka manne su gaba ɗaya. Ka murza har sai gam ya ɗan tsatso ta gefe, ka tsaya nan. Idan ka wuce, ka matse gam ɗin waje, haɗin ya yi rauni.

A hutun da ya wuce ƙanwata, wadda ke aji uku, ta zo da aikin makaranta na haɗa ƙaramin akwatin ajiye biro. Na ɗauko mata nawa. Ta juya shi ta duba, ta ce, "Yaya, bakin ya yi mini faɗi, guntayena ƙanana ne." Gaskiyarta. Muka fere bakunan biyu suka yi tsini kamar bakin agwagwa, muka goge su da samfefa. Da zan koma makaranta na nemi abina, ta ce sai ta gama murfin akwatin.