Ɗakin Binciken Hujjojin Kwamfuta: Abin Da Jami'a Ke Buƙata Kafin Ta Buɗe Shi

A ce akawun wata masana'antar fata a Challawa ya tura miliyoyin naira cikin asusun da ya gani a imel, daga baya ta tabbata saƙon na 'yan damfara ne. Wa zai tono gaskiya daga kwamfutarsa ba tare da ya ɓata hujja ba? Aikin mai binciken hujjojin kwamfuta ke nan. Masana'antun Sharada, Challawa da Bompai na buƙatar irinsa, kuma jami'o'i kamar Bayero ne ya kamata su yaye shi.

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar hujjar da ta fito daga kwamfuta bisa sharuɗɗa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci. Amma hujjar da aka taɓa da ganganci, lauya zai wargaza ta cikin sauƙi.

Shi ya sa kayan farko a ɗakin shi ne na'urar da ke ba da damar karanta faifan ajiya ba tare da an canza komai a cikinsa ba. Da manhajar FTK Imager ake kwafe faifan, a fitar da lambar SHA-256, wadda take kamar zanen yatsa: ko harafi ɗaya aka sauya, lambar za ta canza. A kan kwafin ɗalibi zai yi aiki da Autopsy, manhajar kyauta mai zaƙulo fayilolin da aka goge. Waya kuwa, a jakar Faraday ake saka ta don kada wani ya goge ta daga nesa.

Dole a raba kwamfutocin ɗakin da intanet ɗin jami'a, domin ana nazarin manhajoji masu cutarwa. A tanadi sola da batura, da kariya daga ƙurar hunturu, da rajistar duk wanda ya taɓa hujja. Masana'antu na iya ba da tsofaffin kwamfutoci don gwaji bayan an share bayanansu, su kuma karɓi ɗalibai a shirin SIWES.

Wanda aka damfara ta waya, kada ya goge saƙonni ko ya wanke wayar. Ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.