FITILA MAI SHAYAR DA WAYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yau maganarmu a kan fitila ce.

Mu da mu ka yi ƙuruciya a tsangaya, da wutar kara mu ka yi karatun dare. Kowane almajiri ya kan kawo rabonsa na kara ko kirare, a hura a tsakiyar fili, a kewaye ta da alluna, hayaƙi na cin ido, ba mai cewa uffan. Malam kaɗai ke da fitilar ƙwai, masu tuwo a bakin kasuwa kuwa sai aci-balbal. Kananzir ya yi ta tsada har ya gagari talaka, kana fitila mai batir ta shigo, daga bisani mai cin hasken rana. Yanzu in mutum ya zaga kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa, ko ya leƙa rumfuna a Zango da Sandamu da Baure, zai tarar an jera su iri-iri, da yawa cikinsu kuwa da wata 'yar kafa a gefe inda a ke soka igiyar cajin waya.

Sunan kafar nan USB. A shekarar 1996 a ka fito da ita domin haɗa kwamfuta da kayanta, tun wayar hannu ba ta zama ruwan dare a ƙasar nan ba, domin ita sai 2001 ta fara yaɗuwa. Hikimarta kuwa ita ce: wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a Katsina da Kano da Jigawa ƙarfinta wajen bolt 230 ne, alhali waya bolt 5 kacal ta ke bukata a caji na yau da kullum. Saboda haka tilas a sami abin da zai karya ƙarfin wutar ya tace ta, watau wannan dunƙulen da mu ke kira kan caja. Masu ƙira su ka ga ba dalilin yawo da shi a aljihu, sai su ka binne shi cikin fitila da soket da tebur. Har wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna IKEA ya fito a 2015 da fitilu da teburan da a ke ɗora waya a kai kawai ta sha caji ba igiya.

Amfaninta ba ya ɓuya. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa su ka lalace a ka yi kwana da kwanaki cikin duhu, rumfunan masu caji sun cika maƙil, mutum ya bar wayarsa wuni guda bai samu ba. Mu kuwa da 'yar fitilar sola da wani bawan Allah ya ba makarantarmu sadaka mu ka riƙa jin labarin iyayen yara a ƙauyuka.

Amma fa nan gizo ke saƙar. Batir ɗaya ne ke ciyar da ƙwai da waya, waya kuwa ta fi ƙwai ci nesa ba kusa ba. Abin da babbar waya za ta sha kafin ta ƙoshi ya isa ƙaramar fitila ta kwana tana ci. Na yi makonni ina mamakin yadda fitilarmu ke dusashewa tun yara ba su kai rabin allo ba, har na fara zargin mai sayarwa, Allah ya yafe mini. Ashe gardawa ne ke bin layi a kanta tun daga azahar. Na tara su na ce, wanda ya bayar domin karatu ya bayar, sharaɗin mai sadaka kuwa abin kiyayewa ne. Yanzu doka ita ce ba a soka waya sai an tashi karatun asuba, a kuma cire kafin hantsi ya dubi ludayi, domin faifan ya samu ya cika ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gado. Kafintoci sun shiga yayin sa ƙwayaye da kafar caji a allon kan gadon amarya, iyaye mata kuwa ba su son a ce ɗakin 'yarsu ya gaza na maƙwabta. Kafinta gwanin katako ne, ba lalle ya san wuta ba. In ya haɗa da siririyar waya mai arha, ya naɗe mahaɗin da leda, ya rufe da soso da yadi, to kan cajan da ke ciki ba shi da inda zai sha iska, ga shi kuwa kullum yana jone ko ba a caji. Ƙara da wayar da a ke turawa ƙarƙashin matashi ta kwana tana zafi, a lokacin hunturu da kome ya bushe. Uban da zai sayi irin wannan gado ya sa a buɗe bayansa gaban mai gyaran wuta, a sa makunni da fis, a bar wurin shan iska. In kafinta ya ƙi buɗewa, ya sayi gadon da ba kome, ya haɗa wa 'yarsa da fitilar sola a cikin gara.