Babur na farko: Abin da sabon mahayi a ƙasar Katagum ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi

A Azare, hedikwatar masarautar Katagum, babur ya daɗe da zama jakin zamani. Shi ke kai malamin makaranta aiki a Chinade ko Madara, shi ke kai ɗalibi Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, shi ne kuma ke ɗauko buhun manomi daga fadama zuwa kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasu masu motoci ma sun jingine su sun koma kan ƙafa biyu. Sai dai wanda bai taɓa riƙe kan babur ba, zaɓinsa na farko na iya zame masa alheri, yana kuma iya ƙarewa a gadon asibiti.

Abin da za a fara tambaya shi ne inda babur ɗin zai riƙa bi. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin garin Azare ba, ƙaramin babur da ake kira roba-roba ya wadace shi. Ba shi da nauyi, ba ya shan mai sosai, kuma yawancin irinsa ba su da kulocin hannu, don haka mai koyo ba zai sha fama da mutuwar inji a tsakiyar titi ba.

Labarin ya sha bamban ga wanda zai riƙa shiga ƙauyukan Zaki, Gamawa ko Itas/Gadau. Hanyoyin can rairayi ne da rani, taɓo ne da damina, musamman a yankunan da kogin Jama'are ke yi wa ambaliya. Irin wannan hanya tana son babur mai manyan tayoyi, wanda cikinsa ya ɗaga daga ƙasa, kamar Bajaj Boxer ko TVS, 'yan ƙasar Indiya, ko takwarorinsu na Sin irin su Jincheng da Haojue. Ba banza ba 'yan acaɓa suka rungumi Boxer: yana jure wahala, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinsa.

Game da ƙarfin inji, tsakanin cc 100 zuwa 125 ya ishi mai koyo. Manyan babura masu cc 200 zuwa sama suna da ɗaukar ido, amma suna amsa totur nan take, ƙaramin kuskuren hannu sai su fizge mahayinsu. Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi. Kafin a yi ciniki, mai saye ya hau ya zauna: idan tafin ƙafafunsa biyu ba su dafa ƙasa ba, ko ya kasa tayar da babur ɗin in ya kwanta, to ba nasa ba ne.

Sai batun sabo ko na hannu. Tsadar sabo ta sa matasa da dama na karkata ga na hannu, kuma ba laifi ba ne muddin an tafi da amintaccen bakanike. A tayar da injin yana sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Shuɗin hayaƙi daga salansar inji mai bugu huɗu alama ce ta cewa yana ƙona baƙin mai. A duba sarƙa, birki da tayoyi. Mafi muhimmanci, a gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce a rasit, a kuma yi ciniki a gaban shaidu. Babur mai araha marar takardu ya sha kai mai sayensa ofishin 'yan sanda.

Wanda ya sayi sabo kuwa, ya lallaɓa shi a makonnin farko, ya guji gudu da lodi, ya canza baƙin mai a kan lokacin da littafin kamfanin ya ƙayyade.

Kuɗin babur ba su ƙare a wurin dila ba. Doka ta tanadi rajista da lamba, da lasisin tuƙi rukunin A ga wanda ya cika shekara 18. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, kodayake zafin rana da al'ada sun sa da yawa na yin biris da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya hular yadda ya kamata na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Kuɗinta kuma bai kai na kwana guda a asibiti ba.

A ƙarshe, babban titin Kano zuwa Maiduguri da ya bi ta Azare ba filin koyo ba ne, domin tirela ba ta tsayawa inda direbanta ya so. A fara a fili marar cunkoso, a koyi haɗa birkin gaba da na baya a hankali, a kuma sani cewa damƙe birkin gaba a cikin rairayi kayar da mutum yake yi. Kada a ɗauki kowa a baya sai hannu ya faɗa, domin duk wanda ya hau bayanka amanar ransa ya ba ka.